Kicin a Rufe Yake Sai Ƙarfe Bakwai

Ƙarfe biyu da minti ashirin na rana, wata Litinin cikin Agusta, na tura Sitti Maryam a keken guragu har bakin wani gidan abinci a kan tudun masaƙa na birnin Liyon a Faransa, na tarar an kifa kujeru a kan tebura. Wata mata tana goge ƙasa a ciki. Ta ɗago ta dube mu ta gilashi, ta nuna agogon hannunta, ta ɗaga yatsu bakwai. Minti goma sha biyar kafin nan na riga na yi wa Sitti allurar ciwon suga, irin wadda ba a yi wa mutum sai abinci yana gabansa.

Saboda ku na fara da wannan, ke Hanan da ke Zulai da sauran 'yan ajinmu na yamma, masu karɓar wayata kuna duba hotuna kuna cewa, "Abla Nafisa, ke kam kin huta, yawon duniya kike yi da sunan aiki." Kun san ni, a aji ba ni da bakin ba ku amsa, shi ya sa na rubuta. Hoton nan da kuka fi so, wanda nake tsaye a kan gada kogi yana bayana, ku sake dubawa, za ku ga hannuna ɗaya ba ya ciki. Yana riƙe da keke, domin gadar tana da gangara.

A nan Jidda sunan mai wannan sana'a murafiƙa, wato mai rakiya. Tsohuwa za ta fita waje ganin likita, 'ya'yanta maza suna wurin aiki, matan suna fama da nasu yaran, sai a nemi mace mai fasfo da iƙama lafiyayya, wato takardar izinin zama, wadda za ta tura keke, ta ba da magani a kan lokaci, ta yi wa tsohuwa wanka, ta yi tafinta, ta kuma san lokacin yin shiru. Ba mu da ofis, ba mu da talla. Gida ne ke gaya wa gida. In wata Hajiya a unguwar Aziziyya ta ce hannunki yana da kyau, kin samu aikin shekara uku. In ta ce kin yi sakaci da ita, ko sau ɗaya ne, labarin zai riga ki isa unguwar Balad, sai dai ki nemi wata sana'ar. Shekarar da annoba ta tsayar da jirage, mu da muke da gidajen da suka yarda da mu mun koma muna zagaya da tsofaffi a kan rufin gida, daga tankin ruwa zuwa igiyar shanya, har aka buɗe hanya. Waɗanda ba su da irin waɗannan gidaje ba su dawo aikin ba.

A hannun Gwaggo Hassu na koya, ƙanwar mahaifina. Ta haura shekara ashirin tana rakiya, ta ga Alƙahira, ta ga Istanbul, ta ga Landan, kuma ban da lambobi ba ta iya rubuta komai ba. Wata na farko keke kawai ta koya min. Ta ɗora buhun shinkafa a kai, ta sa ni zagaya lungunan Balad da shi, inda duwatsun hanya suka yi tsalle-tsalle. "Buhun nan uwar wani ce," in ji ta. Ranar da na zo sauka daga dakali da gaba, sai na ji duka a bayan hannu. Da baya ake sauka, ke a ƙasa, tsohuwa a sama, in an faɗi ke ce katifa. A taka birki kafin a gaisa da kowa, a taka birki kafin a ɗaga waya. Kuma ba a yi wa tsohuwa magana daga bayan keke kamar kaya aka ɗauko. Ki zagayo, ki durƙusa, ta ga idonki.

Sai da na yi wata huɗu ta bari na taɓa jakarta. Baƙar jaka ce ta fata, kowane abu da aljihunsa: allura a cikin 'yar jakar sanyi, na'urar auna suga, maganin hawan jini, ƙaramar buta domin bayan gidan Turawa babu ruwa, sallaya, zani na ko-ta-kwana, fulas. Akwai littafin awo, inda ake rubuta sugan tsohuwa da lokacin kowane magani, wanda ake miƙa wa 'ya'yanta ranar dawowa. Sannan akwai gwangwanin dabino a aljihun waje, inda hannu zai kai ko da ido a rufe. In suga ya faɗi, dabino uku ne tsakanin tsohuwa da suma.

Tafiyar Liyon ita ce ta farko da na yi ni kaɗai. Gwiwoyin Gwaggo sun ƙi tudu, ga Sitti Maryam, wadda Gwaggo ta yi shekara goma sha biyu tana rakawa, za a yi mata aikin ido a can. Ni kuma ina jin Faransanci, domin mahaifiyata 'yar Damagaram ce, na kuma ƙara da karatu. Sitti haifaffiyar Balad ce, kakanninta daga Katsina suka zo da ƙafa, ta yi shekara talatin tana sayar da yadi kafin ƙafafu su zaunar da ita. Babban ɗanta, Alhaji Abdurrahman, shi ke yanke magana a gidan. Ranar da Gwaggo ta kai ni, ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Wannan za ta iya? Ko sallamarta ban ji ba."

"Ba waƙa za ta yi mata ba, Alhaji," in ji Gwaggo.

"Tayyib. Gwaji ne. In wani abu ya samu sugan Ummi, halas, an gama, Hajiya Hassu, ke za ki nemo mana wata."

Na shirya wa tafiyar kamar jarrabawa. Na sayi wani littafi mai kauri a kan birnin, na ja layi a ƙarƙashin komai. Na san shekarar da aka gina kowace gada, na san tashoshin jirgin ƙasa masu lif da marasa shi, na san sunayen kogunan birnin guda biyu da inda suka haɗu. Da likita ya gama da idon, ya ce mu zauna kwana goma sha biyu kafin mu hau jirgi, sai na tsara wa Sitti yawon kowace rana a takarda, har da wurin sallah. Litinin ɗin nan ta faɗo kan unguwar masu saƙar siliki, domin Sitti ta ce shekara talatin tana sayar da kayan mutanen nan, tana so ta ga inda suke fitowa.

Da safe na yi abu biyu, kuma duka biyun da kyakkyawar niyya. Na farko, na duba jakar hannun Sitti na kwashe alawar da take ɗebowa daga teburin masu karɓar baƙi a otal, tunda likita ya hana. Na biyu, littafin birnin ya ƙi shiga jaka, sai na ciro gwangwanin dabino na ajiye a kan gado, na sa littafin a gurbinsa. Kwana biyar ina yawo da gwangwanin nan ban buɗe shi ba.

Ku da aka haifa a Jidda ba za ku gane abin da ya biyo baya da sauri ba, domin ni ma ban gane ba. A garinmu babu sa'ar da mai yunwa zai rasa abinci. Ƙarfe uku muke cin na rana. In ka ga shago a rufe, sallah aka tafi, ka ɗan jira an dawo. Shi ya sa da na ga a taswira saura layi biyu mu isa gidan abincin da na zaɓa, mai kifi, sai na tsaya a wani benci na yi wa Sitti allurarta, don a kawo abinci daidai lokacin da ta fara aiki. Ashe su mutanen can daga sha biyu zuwa biyu suke cin na rana, sannan mai dafuwa ya kashe wuta ya tafi gida. Daga baya na gano littafin ya faɗi haka, a shafukan ƙarshe, da ƙananan haruffa. Ni tarihi na karanta.

"Me ta ce?" in ji Sitti, da ta ga matar ta ɗaga yatsu.

"Ta ce kicin a rufe yake sai ƙarfe bakwai."

"Rasuwa aka yi musu?"

"A'a, Sitti, wai kullum haka suke yi."

"Mai abinci ya kori mai yunwa da rana tsaka? Yalla, tura mu gaba, ya binti. Waɗannan ba su san kasuwa ba."

Da Gwaggo ce, da ta buga gilashin nan har matar ta buɗe, ta nuna bakin Sitti, ta nuna allura, ba tare da kalmar Faransanci ko ɗaya ba, kuma da an kawo burodi. Ni da na iya harshen sai na ba matar haƙuri ta gilashi, na juya keke.

Gidan burodin da ke gaba an manna takarda a ƙofarsa, wai sun tafi hutu sai ƙarshen wata. Kantin magani ma haka. Ɗan shagon kusurwa an ja ƙarfe an rufe. Na bi layi uku, duk gangara, ina riƙe keke da baya, ba kowa a titi sai wata mage a taga. Wajen uku saura kwata na lura Sitti ta daina zagin Faransawa. Ku riƙe wannan: in tsohuwa mai ƙorafi ta yi shiru, ba gamsuwa ta yi ba. Na zagayo na durƙusa. Gumi ya tsattsafo mata a leɓe, yatsunta suna rawa a kan cinya. Na auna, na ga hamsin da shida. Hannuna ya tafi aljihun waje da kansa kamar yadda aka koya masa, ya dawo da tarihin birnin Liyon.

A ƙasan layin akwai wani fili mai tsakuwa a ƙarƙashin itatuwa, wasu tsofaffi maza su shida suna wasan jefa ƙwallayen ƙarfe. Na tura keken can da gudu, na taka birki, na shiga tsakiyar filin daidai lokacin da ɗaya ya ɗaga hannu zai jefa. Tun da nake ban taɓa jin muryata ta kai inda ta kai ran nan ba. "Suga! Don Allah, wa ke da suga?"

Mai shirin jifan, wani tsoho mai farin gashin baki, ya sauke hannu a hankali. "Bonjur, madam," ya ce, ya tsaya yana jira.

Ni da aka raina a gidan da ake gaida mutum har a tambayi lafiyar awakin kakarsa, Bature ne yake tuna min gaisuwa. Na ce bonjur. Kafin in rufe baki ya riga ya hango Sitti. Ya saki ƙwallon a ƙasa, ya sa hannu a aljihun riga ya ciro ƙwayar sukari uku a naɗe cikin takarda. Ya nuna min kan yatsunsa, duk huda-huda. Shi ma ciwon ke gare shi. Na narkar da sukarin a murfin fulas na ba Sitti a baki kaɗan-kaɗan, shi kuma ya ɗaga kai ya ƙwala wa wata taga kira. Ba a jima ba matarsa ta sauko da dogon burodi da cuku da dafaffen ƙwai biyu a cikin tawul. Sauran tsofaffin suka zagaye mu, kowa da ƙwallonsa a hannu. Na sa ido a kan agogo. Bayan minti goma sha biyar na sake aunawa, ya hau.

Alamar farko da ta nuna Sitti ta dawo ita ce da ta ciji burodin.

"Wannan katako ne ko me? Wa suke so ya karya haƙori?"

"Me take cewa?" in ji matar.

"Ta ce burodin yana da daɗi ƙwarai."

"Ƙarya kika faɗa mata," in ji Sitti. "Na ga ta ji daɗi. Tambaye su, manya da su, gemu fari, ba su da aikin yi ne sai wasan yara?"

Na tambaya a yadda za a iya tambaya. Tsohon ya ce shekara arba'in ya yi yana rina siliki a unguwar nan, yanzu hutawa yake. Da Sitti ta ji siliki sai ta miƙa hannu ta kama bakin gyalen matar, ta murza shi tsakanin yatsa biyu, ta kai kusa da kunne.

"Gaya mata an cuce ta. Rabi roba ne."

Wannan kam na fassara daidai, domin ba ni da ƙarfin ƙirƙiro wani abu. Matar ta yi dariya har ta dafa keke, ta nuna mijinta, ta ce shi ya sayo mata, mai rinin siliki na shekara arba'in. Abokansa suka sa masa ihu. Da za mu tafi, tsohon ya kaɗa min yatsa a fuska, ya ce mai tura mai ciwon suga ba ya fita ba sukari a aljihu, ko bakin ƙofa ne. Na fassara wa Sitti wannan ma.

"Ai ina da alawa," in ji ta. "Wata ɓarauniya ce ta shigo min ɗaki da safe."

Da muka koma otal muka yi la'asar, na buɗe littafin awo. Na rubuta lokaci, na rubuta hamsin da shida, a gefe na rubuta dalili: na yi allura kafin in tabbatar da abinci, kuma na bar dabino a ɗaki. Na san hannun da littafin zai faɗa ranar dawowa, na kuma san abin da mai hannun ya ce. Sitti tana kallona da idon da ba a rufe ba.

"Sitti, in Alhaji ya kira, za ki gaya masa?"

"Miƙo min shayi."

Da ya kira bayan magariba, labarin wani kare ta ba shi, wanda ta gani zaune a ƙarƙashin tebur a gidan abinci, an kawo masa ruwa a kwano kafin a kawo wa mutane. Ba ta ce komai a kan tudun masaƙa ba. Amma shirunta bai warware min komai ba, tunda ga littafi. Abin da nake son sani shi ne, in ya karanta ya ce halas, ita me za ta ce.

Sauran kwana bakwai ɗin su ne kuke gani a hotuna. Mun shiga jirgin ruwa mun bi kogi har inda ruwan biyu suka haɗu, ɗaya kore ɗaya ruwan ƙasa, Sitti ta ce ko a rini haka ake gane mai ha'inci. Mun hau ɗan jirgin da ake ja da igiya zuwa babban cocin da ke saman dutse, inda ake ganin rufin garin duka ja, ta tambaya ina suke shanya. A kasuwar bakin kogi ta yi minti goma tana taya wani mai kayan marmari, shi yana nuna mata allon farashi, ita tana ce min, "Gaya masa ni ma 'yar kasuwa ce, ya bar wasa." Bai rage ko kaɗan ba, amma ya ƙara mata lemo ɗaya don ta tafi. Ni kuwa na koyi cin abinci ƙarfe sha biyu kamar 'yar gari, na koyi gaida mai shago tun daga bakin ƙofa, na koyi kada in buɗe jakar allura sai faranti ya sauka a kan tebur na ga tururinsa. Duk gidan abincin da muka dosa, sai Sitti ta ɗaga murya: "Malama, a duba mana littafi, an buɗe kicin?"

Sau uku na sake tambayarta ko baɗi za ta neme ni, ko kuwa Gwaggo ta samo mata wata. Sau ɗaya ta ce in gyara mata matashi. Sau ɗaya ta ce yarinyar da ta tsayar da wasan maza shida da ihu ba ta da hujjar yi mata raɗa. Na ukun ta yi kamar barci ya ɗauke ta, alhali ina ganin yatsunta suna jan carbi.

Mun sauka Jidda da safe. Da la'asar aka taru a falon gidan a Aziziyya, Gwaggo ta zo da sandarta, aka kawo gahawa. Na miƙa wa Alhaji Abdurrahman fasfon mahaifiyarsa da takardun likita da littafin awo. Mutum ne mai karanta abu shafi-shafi, yana bin layi da yatsa. Ina ganin lokacin da yatsan ya tsaya.

"Hamsin da shida? Ummi, me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Ka tambaye ni ne?"

Ya karanta abin da na rubuta a gefe da ƙarfi, har da maganar dabino. Gwaggo ta ajiye finjalinta ta dube ni, irin kallon da take yi wa mai sauka daga dakali da gaba.

"Kin cire dabino kin sa me?"

"Littafi, Gwaggo."

"Littafi. To, da sai ki ba ta ta ci."

Alhaji ya rufe littafin awon. "Hajiya Hassu, na gaya miki tun farko. Yarinyar tana da ladabi, ban ce ba ta da shi ba, amma maganar suga ba wasa ba ce. Ki fara nemo mana wata."

Na tashi na zagaya gaban keken, na durƙusa yadda aka koya min, na yi tambayar da muryar da kowa a falon zai ji.

"Sitti, ke me kika ce? In nemi wata sana'ar?"

Ta gama tauna dabinon da ke bakinta, ta ajiye ƙwallon a faranti, ta goge yatsu.

"Gwaggonki sau uku ta yi min haka. Biyu a Alƙahira, ɗaya a Istanbul, a can har sai da aka kira motar asibiti. Abdurrahman, littattafanta suna nan a durowarka, shekara goma sha biyu, ka je ka duba in ka ga inda ta rubuta. Hassu, bar kallon silin, da ke nake. Ke kuma tashi, kin tare min iska. Ki je ki sabunta fasfonki, saura ɗaya idon."